Alkamar Dawanau ko Fulawar Singa: Ina Ya Kamata Ka Zuba Jarinka?

Wani maƙwabcina a unguwar Gwammaja a Kano, malamin makaranta da ya yi ritaya, ya karɓi kuɗin sallamarsa bayan doguwar jira. Bai gaya wa kowa ba sai da aka kwana uku, sannan ya tare ni a ƙofar masallaci bayan Isha'i ya ja ni gefe. Ya ce, "Alhaji, kai ka daɗe a kasuwa. Mutum biyu sun ba ni shawara, kowa da tasa. Ɗaya ya ce in kama shago kusa da kasuwar Singa in riƙa sarar fulawa, ɗayan ya ce in jira kakar alkama in saya a kasuwar hatsi ta Dawanau in ajiye. Ni kuwa a ganina duk kanwar ja ce, tunda fulawar ma daga alkama ake yin ta."

Na ce, "Malam, ai nan ne kuskuren yake farawa."

Fulawar da ke jibge a Singa ba ta taɓa ganin gonakin noman rani na Kadawa da ke jihar Kano ba. Alkamar da aka niƙa aka fitar da ita an noma ta ne a Amurka, ko Kanada, ko Rasha, ko Ajantina, ko ƙasashen gabashin Turai irin su Folan da Latbiya, jirgin ruwa ya sauke ta a tashar Apapa da ke Legas ko Fatakwal ko Kalaba. Najeriya tana cin alkama tan miliyan 5 zuwa 6 a shekara, a burodi da taliya da Indomie da biskit da Semovita. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta zagaya jihohi 13 ta auna abin da aka noma a 2021, kusan tan 37,000 ta samu, Kano ce a sama da tan 6,500 da ɗoriya, Jigawa na bin ta. Idan ka raba, za ka ga duk noman ƙasar na wannan shekara ba zai riƙe injinan niƙa kwana uku cur ba. An yi ta musu a kan wannan adadi, manoma suka ce an rage musu, kuma noman ya ƙaru daga baya. Amma ko alƙaluman masu kyakkyawan zato ka ɗauka, abin da ake shigowa da shi ya haura kashi 90 cikin 100.

To ka ga mai sayar da fulawa da mai sayar da alkamar gida ba uwa ɗaya suke sha ba. Na farko dala ce ke juya shi. Na biyu sanyin hunturu ne da kalanda. Wanda bai raba waɗannan biyu a kansa ba, kada ya fito da ko sisi.

Bari in fara da fulawa, domin ita na fi sani, a cikin ƙurarta na yi ƙuruciyata ina yaron shago.

Kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da wuyan kasuwar. Flour Mills of Nigeria, masu Golden Penny, suna niƙa a Apapa tun farkon shekarun 1960, kuma su ne ke da rinjaye a kamfanin fulawa na Bompai a nan Kano. A 2022 suka haɗiye Honeywell. Olam, masu Crown da Mama Gold, sun sayi kamfanin fulawar Ɗangote a 2019. Sai BUA da tambarinsu na IRS. Abin da wannan ke nufi ga ƙaramin ɗan kasuwa shi ne, ba shi da ta cewa a farashi. Kamfani ya yanka wa manyan diloli, su kuma su ɗora nasu su ba wa na ƙasa da su, kafin buhu mai kilo 50 ya iso hannunka an riga an tsotse romon. Tirela ɗaya buhu 600 take ɗauka. Wanda ke iya ɗaukar tirela yana da rangwamen da kai mai ɗaukar buhu 30 ba za ka taɓa gani ba, kuma shagonsa yana nan taku ashirin daga naka. Ribar buhu ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke ciyar da mai fulawa shi ne juyi: kuɗi su fita da safe su dawo da yamma, a sake sarowa, a sake sayarwa. Jarin da ya juya sau huɗu a wata da ƙaramar riba ya fi wanda ya kwanta yana jiran babba.

Daɗinta kuwa, ba ta kwantai. Kullum ta Allah gidajen burodi suna kwaɓi, matan Jakara da na Chediyar 'Yan Gurasa suna hura tanderu, mai fanke na bakin titi yana suya, ga masu cincin da dubulan na biki, ga masu taliyar murji. Yadda birnin nan ke cika, ga mutane suna fita tun asuba ba sa dawowa sai dare, abincin da ba ya bukatar surfe da daka shi ke ci gaba. Teburin mai shayi kaɗai ya isa shaida: burodi da Indomie, duka biyu alkamar waje ce. Tsofaffinmu da koko da ƙosai ko ɗumamen tuwo suke karyawa, 'ya'yanmu kuwa in ba burodi sai a ga fuska ta canza. Wannan ɗabi'a ba ta komawa baya, ko a nan ko a Maraɗi da Damagaram, inda wani kaso na kayan Singa ke tafiya.

Sai dai duk wanda ya riƙe fulawa ya riƙe dala ne a cikin buhu. Shekarun nan sun koya mana wannan har sau biyu, kuma darasi na biyu ya fi zafi. A Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukiren, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu fitar da alkama a duniya. Cikin makonni farashi a kasuwar Chikago ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, a watan Mayu Indiya ta hana fitar da tata. Kowa a Singa ya fahimci wannan, yaƙi ne. Amma daga baya aka buɗe hanyar jiragen hatsi ta Baƙin Teku, Rasha ta yi kaka mai albarka, farashin duniya ya sauko har ya gaza rabin ƙololuwar da ya kai. Da hankali za a bi, da fulawa ta yi sauƙi a Kano. Ina! A lokacin ne ta fi tashi. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta da kanta, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024. Alkama ta yi araha a duniya, ta yi tsada a Apapa, sannan man dizal ya ɗora nasa a kan tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa Kano. A Fabrairun 2024 sai da mata masu gurasa suka fito kan titi suna zanga-zanga saboda buhun fulawa ya haura naira 40,000. Mai son sanin inda fulawa za ta kwana gobe, ya fi masa ya tambayi 'yan canji a Wapa da ya tambayi manomi.

Akwai wani tarko a nan da sababbin shiga ke faɗawa. Lokacin da farashi ke hawa, za ka sayar da buhu ka ga riba a takarda, ka koma sari ka tarar kuɗin buhu 30 yanzu 27 suke saya. Kuɗinka sun ƙaru, kayanka sun ragu. In kuma farashi ya juyo ƙasa, kamfani ya rage yau, kai da ka cika shago jiya sai ka sayar a faɗe, domin ba wanda zai saya a tsohon kuɗi don ya tausaya maka. Ba kuma za ka ce bari in ajiye har kasuwa ta gyaru ba. Fulawa 'yan watanni gare ta, in damina ta shigo ta sha laima sai ta dunƙule, ƙwari su shiga, mai burodi ya buɗe buhu ɗaya ya shinshina ya dawo maka da sauran.

Amma babban abin da ke karya mai fulawa ba dala ba ce, bashi ne. Kusan duk cinikin da ke tsakanin shago da gidan burodi ko mai gurasa a kan "ɗauki ka kawo" yake tafiya: a ɗauki buhu biyar yau, a biya na jiya. In ka ce kai kuɗi hannu kawai, za ka wuni kana korar ƙuda. In ka saki, sai ka wayi gari rabin jarinka yana hannun mutane. Na taɓa bin wani mai gidan burodi kuɗin buhu 40. Mutumin kirki ne, mun shekara uku muna hulɗa ba ko gardama. Wata safiya na je na tarar da kwaɗo a ƙofa, tanda ta huce, itacen da ke jibge a waje ma an kwashe. Ba gudu ya yi don mugunta ba. Masu shayin da yake ba wa burodi su ma bashi suke ɗauka, sukari da itace suka tashi, ya kasa. Har yau in mun haɗu a jana'iza sai ya sunkuyar da kai, ni ma in kau da nawa. Na gaya wa Malam wannan labari ne don na san halinsa. Mutumin da ya shekara 35 yana yafe wa yara kuɗin jarrabawa ba zai iya tsayawa ƙofar wani da sassafe yana cewa "yau sai ka ba ni kuɗina" ba.

Yanzu alkamar gida.

Ita ba baƙuwa ba ce. Sunanta ma daga Larabci ya zo, kuma tun kafin Turawa ana noma ta a fadamu da jigo, kaɗan-kaɗan, don teburin sarakuna da attajirai da kayan gara. Abin da ya faɗaɗa ta shi ne madatsar ruwa ta Tiga da aka gina zamanin Audu Bako a shekarun 1970, da magudanan ruwan da suka ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam. A Bunkure har gari akwai mai suna Alkamawa. Sai Bagwai a bakin Watari, sai ɓangaren Haɗeja da Ringim a Jigawa, waɗanda a 'yan shekarun nan suka matsa ƙaimi sosai. Ana shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a yi girbi a Maris zuwa Afrilu. Duk rayuwarta a kan sanyi take. Manomin da ya makara, ko don shinkafar damina ba ta bar gonar da wuri ba, ko don takin tallafi bai iso ba, zafin ƙarshen Fabrairu zai riski alkamarsa tana cikin ɗaukar ido, ƙwayar ta fito a tsumbure. Shekarar da hunturu ya yi gajarta kowa ya ji a jikinsa. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda alhakin alkama ke wuyanta, ta fitar da iri masu jure zafi, irin su Atilla da Norman da Reyna 28, amma jure zafi daban, son zafi daban.

Kasuwancinta a baki mai sauƙi ne: ka saya a kaka lokacin da manomi ke neman kuɗin biyan bashin taki da na man injin ban ruwa, ka ajiye, ka sayar in ta yi wuya. Buhunta babba ne, kilo 100, wajen kwano 40. Ba dila a samanka, ba kamfanin da zai aiko da sabon farashi da tsakar dare. Kuma in ta bushe sosai tana shekara ba ta ce komai ba, abin da fulawa ba za ta taɓa yi ba.

Su wa ke saye? Nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani, domin masu sayen alkamar gida ba su ne masu sayen fulawa ba. Akwai masu alkaki, waɗanda tsakin alkama suke bukata, fulawa ba ta yi musu. Akwai masu funkaso da alkubus da ke son ɗanɗanon alkama da launinta. Akwai masu gurasa da ke sirka garin alkama da fulawa. Akwai gidajen da suka koma tuwon alkama, galibi saboda dattijo mai ciwon suga (ko da yake ita ma sitaci ce, a bar wa likita ya faɗi yawan da za a ci). Sai kamfanonin fulawa, da ke buɗe wuraren saye a lokacin kaka ta hannun ƙungiyarsu. Sai kuma manoma kansu a watan Nuwamba, masu neman iri, waɗanda sukan biya da kyau in sun tabbata alkamar iri ɗaya ce ba gauraye ba. Gidan burodi ba ya cikin wannan jeri, kuma ba don alkamarmu ba ta da kyau ba. Injin unguwa yana niƙe ƙwaya ne da dusarta gaba ɗaya, garin ya fito da nauyi, burodi ya ƙi tashi yadda mai saye ya saba. Kamfani kuwa yana cire dusa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ƙwayar, ya gauraya alkama mai danƙo da marar danƙo a kan ma'auni, ya zuba sinadarin bitamin A da doka ta wajabta, don buhun yau ya zama daidai da na watan jiya. Mai burodi wannan daidaito yake saya. Saboda haka kasuwar alkamar gida ƙarama ce, mai aminci, amma ba ta da faɗin da za ta shanye kaya da yawa a rana ɗaya. Kana iya samun farashi mai kyau a baki, ka rasa wanda zai ɗauki buhu 50 a tashi ɗaya.

Kada kuma a ɗauka ta kuɓuta daga dala gaba ɗaya. Idan fulawa ta yi tsada, masu gurasa sukan ƙara sirki, kamfanoni su ƙara zawarcin ta gida, sai ta tashi. Idan ta waje ta yi araha, kamfani ba zai biya manomin Kura fiye da abin da zai kashe ya sauke ta Rasha a Apapa ya kawo ba. Wato alkamar gida tana da rufi a samanta, kuma ba a Dawanau ake gina rufin ba. Tun 2012 akwai harajin kashi 5 da ƙarin kashi 15 a kan alkamar waje, wanda ke ɗan ɗaga wannan rufi. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan alkama da masara da shinkafa da wake. Sa hannu ɗaya a Abuja ya isa ya canza lissafin mutumin da ya cika sito a Kano.

Wannan ba sabon abu ba ne, dattawan Kadawa sun gan shi da idonsu. A 1987 gwamnatin Babangida ta haramta shigo da alkama kwata-kwata. Noma ya bunƙasa, kowa ya koma alkama, injinan kudu suka rasa abin niƙa, fulawar sumoga ta riƙa shigowa ta kan iyaka. A farkon shekarun 1990 aka ɗage haramcin, ta waje ta kwararo, manoma suka watse suka koma tumatir da shinkafa. Daga baya an ga shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, an ga na Nuwamban 2023 da aka buɗe a Haɗeja da rancen dala miliyan 134 daga Bankin Raya Afirka, inda ake ba manomi iri da taki a kan rabin kuɗi. Duk shekarar da tallafi ya iso a kan lokaci alkama takan yi yawa a kaka, ta yi araha. Shekarar da bai zo ba, manomi ya duba kuɗin taki ya shuka abin da ya fi masa. Mai niyyar ajiya dole ya san wace irin shekara yake ciki, kuma ba a rediyo ake sanin wannan ba, sai an taka zuwa gonakin a watan Janairu an ga yawan koren da ido.

Ga wani abu da ban cika jin ana faɗa ba. Babbar kasuwar alkama ita ce azumi da Sallah. A da can, shekarun da azumi ke faɗowa a Yuni ko Yuli, mutum zai saya a Afrilu ya sayar bayan wata biyu ko uku, kuɗinsa su dawo da wuri. Amma azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara: a 2023 ya kama a ƙarshen Maris, a 2024 ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris. Yanzu ya riga kaka zuwa. Wanda ya sayi sabuwar alkama don azumi zai jira wata goma ko fiye, ya ratsa damina gaba ɗaya da ita a sito. Ta wata fuskar alheri ne, tunda azumin zai zo lokacin da tsohuwa ta ƙare sabuwa ba ta fito ba. Amma wata goma kuɗi na kwance, ana biyan hayar sito da mai gadi, naira kuma tana zubewa a ƙarƙashinsu. In alkama ta tashi da kashi 20 alhali komai na kasuwa ya tashi da 30, ba riba ka ci ba, ko da kuɗin da ka ƙirga sun fi waɗanda ka zuba.

Ajiyar ma aiki ce. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba sai an sa magani ba, kuma ya fi kwanciyar hankali ga abin da mutane za su ci. Masu jefa ƙwayar maganin hayaƙi su sani guba ce mai kisa. Ba a sa ta a ɗakin da ke jikin inda ake kwana. Sannan akwai idon jama'a da na hukuma. A Fabrairun 2024, da tsadar abinci ta kai maƙura, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Mai buhu 40 ba shi ake nema ba, amma ya kamata mutum ya san bambancin ajiyar kaka da ɓoye kaya lokacin da mutane ke cikin yunwa, tsakaninsa da Allah ma kafin hukuma. Waɗanda kuma suka ɗauka hatsi ba ya faɗuwa sun sha mamaki a 2025, da masara da gero da shinkafa suka karye, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Da na zo nan Malam ya yi dariya ya ce, "To Alhaji, ai ka kashe duka biyun." Na ce ban kashe ba, kowacce da mai ita.

Fulawa ta mutumin da zai zauna a shago ne daga safe zuwa Magariba, wanda cefanen gidansa daga cinikin ranar zai fito, wanda ya riga ya san gidajen burodi biyar ko masu gurasa goma da za su ɗauka a wurinsa tun ranar farko, kuma yake da idon da zai ce a'a. Ba ta bukatar sanin hatsi. Tambarin kamfani ya riga ya yi maka wannan aiki. Tana bukatar sanin mutane. In jarinka bai kai ka saya kai tsaye daga babban dila ba, kada ka kama shago a bakin Singa inda za ka yi gogayya da wanda ya sayar maka. Ka kai ta unguwa, Kurna ko Rijiyar Lemo ko Sheka, inda mai fanke za ta gwammace ta ƙara ɗan abu a kan ta biya kuɗin A Daidaita Sahu, ka haɗa da sukari da yis da mai da bota, ka riƙa aunawa a kwano. Ribar awo ta fi ta buhu.

Alkama kuwa ta wanda ke da wata hanyar cin abinci ce, mai fansho ko albashi, wanda zai iya mantawa da kuɗin wata shida zuwa goma ba tare da kuɗin makarantar yara sun tilasta masa sayarwa a watan Yuni ba. Tana bukatar wuri busasshe da sanin ƙwaya, ko amintaccen da ya sani. Da ɗan gari akan ci gari. Baƙo a Dawanau in ya shiga shi kaɗai da babbar riga, dillalai sun gan shi tun daga bakin titi. Ko a zakka ma malamanmu na Malikiyya sun raba su: mai juya kaya kullum yana ƙimanta abin da ke shagonsa duk shekara ya fitar, mai ajiya yana jiran kasuwa kuwa sai ya sayar. Malam ya fi ni sanin wannan babi, shi ya ƙarasa mini shi.

Ni dai abin da na zaɓar masa alkama ce, amma ba ajiya zalla ba, kuma ba da duk kuɗin ba. Ribar da ta fi tabbata a alkamar gida ba a jiran tashin farashi take ba, a gyara take. Yawancin wadda ke zuwa kasuwa a ƙasa aka sussuke ta, tana ɗauke da tsakuwa da ƙaiƙayi da ƙasa. Matar da za ta yi alkakin gara sai ta ɓata yini tana tsinta da wanki da shanya kafin ta kai inji. In ka ɗauke mata wannan wahala, ka kawo mata tsaki tsaf ko gari tankaɗaɗɗe wanda ba ta jin ƙasa a haƙori, za ta biya ƙari da murna, ta kuma gaya wa 'yan uwanta a gidan biki. Ta haka kayan suna fita kaɗan-kaɗan duk mako, ba ka dogara da rana ɗaya ba, dusar ma masu kiwo suna jira. Uwargidan Malam da 'ya'yansa mata sun iya wannan aiki fiye da ni da shi. In abin ya girma har ya kai ga ɗaurawa a leda da suna, sai a nemi rajistar NAFDAC.

Da kaka ta zo na raka shi Dawanau da sassafe, kafin rana ta yi zafi manyan motoci su toshe hanya. Wani dattijo da na sani tun ina yaro ya sa aka sauke mana buhu uku. Malam ya kai hannu zai ɗiba daga baki, dattijon ya riƙe masa hannu ya ce, "A'a Malam, bakin buhu na baƙo ne." Ya soka ƙarfen ɗiba a tsakiya, ya sake sokawa a gindi, ya zuba a tafin hannunsa ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, 'yan tsakuwa biyu suka rage a cikin ƙwayar. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ba shi ya ce ya ciza. Ta buhun farko ta fashe ƙas, cikinta kamar gilashi. Ta buhu na biyu ta lotsa a haƙori ba ƙara, dattijon ya ce wannan an yi gaggawar ɗaure ta, in ta shiga sito haka kafin Yuli ta yi fumfuna. Ta ukun ƙwayoyinta ba su daidaita ba, wasu jajaye wasu farare, wasu a tsumbure, alamar an haɗa ta gona biyu ko uku.

Malam ya tsaya yana cizon ƙwaya ɗaya bayan ɗaya kamar yaron da aka ba alewa. A ƙarshe ya ɗauki buhu 12 daga irin na farkon, ya sa aka juye kowanne a gabansa aka sake aunawa, biyu suka zo da giɓin kwano ɗaya-ɗaya aka cika masa. Sauran kuɗin ya ce zai bar su a banki tukuna, sai ya ga yadda waɗannan suka ƙetare damina.